Babbaƙu da Farfarun Goge: Abin da Na Gano a Pisek

Kwana uku na yi a birnin Prag kafin in san abin da ke shigo mini ta taga. Ɗan ƙanwata ne ya kai ni ƙasar Cek. Ya gama karatun likita, ya ce lallai sai Kawu ya zo ya tsaya masa ranar karɓar takardar shaida, tunda mahaifinsa ya riga mu gidan gaskiya. Ƙarshen watan Yuni ne, lokacin zafinsu, rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, har mutum ya riƙa duba agogo yana shakkar lokacin Magariba. Kowa ya bar tagarsa a buɗe. To kullum da la'asar sai in ji wani amo daga benen da ke samanmu, kamar na goge amma ya fi shi laushi. Sauti huɗu ne kacal, a hau a sauko, a hau a sauko, a hankali kamar mace mai taka tsani da tulu a ka. Sai a tsaya, a sake daga farko.

Rana ta uku na kasa haƙuri. Na ce wa yaron, “Wai wane ne wannan da ba ya gaba ba ya baya?”

Ya ce, “Kawu, 'yar maƙwabtanmu ce, shekararta tara. Shefcik take yi.”

“Shefcik sunan waƙar ke nan?”

“A'a Kawu, sunan mutum ne. Ya mutu tun kafin a haifi Kaka.”

Washegari ya roƙi uwar yarinyar, ta yarda muka hau. Abin da na fara gani shi ya ɗaure ni. Yarinyar ta ɗauki wani ɗan dunƙulen ƙaro mai ruwan zuma tana goga shi a jikin izgar da ake jan tsirkiya da ita, sama da ƙasa, har farar ƙura ta tashi. Gashin wutsiyar doki ne, irin namu sak. Rabon da in ga hannu yana wannan aiki tun ina yaro a kasuwar Kajuru. Sannan uwar ta miƙo mini littafin da ke kan ɗan ƙarfen da ake jingina shi. Shafi bayan shafi baƙi ƙirin da ɗige-ɗige, kamar tururuwa ta yi jerin gwano a kan layuka biyar. Babu hoto, babu labari. Ta ce da shi ta koya, da shi malaminta ya koya. An fara buga shi a 1881.

Otakar Ševčík ake rubuta sunan mutumin, a bakinmu Shefcik. An haife shi ranar 22 ga Maris 1852 a wani ƙaramin gari mai suna Horažďovice, a yankin Bohemiya, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin daular Ostiriya. Ubansa malamin makaranta ne, kuma a can a wancan zamani malamin ƙauye shi ne mai koya wa yara kiɗa, shi ne mai jan mawaƙan coci. A hannunsa yaron ya fara riƙe gogen Turawa. Daga 1866 zuwa 1870 ya yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Prag wajen wani gwani, Antonín Bennewitz. Yana ɗan shekara 18 aka ba shi jagorancin masu goge na ƙungiyar Mozarteum a Salzburg. Hanyar shahara ta buɗe masa ke nan, irin ta makaɗin da ake cika zaure don a ji shi.

A 1875 ya tafi Kiyef, babban birnin Yukren na yanzu, lokacin tana cikin daular Rasha, ya zama malamin goge. Shekara 17 ya yi a can. Ciwon ido ya matsa masa lamba, daga baya har sai da aka cire ido ɗaya. Hawa dandali ya ragu, zaman ɗaki da ɗalibai ya ƙaru. A wannan zama ne ya yi aikin da ya sa yau yarinya 'yar shekara tara take ambaton sunansa kamar sunan darasi.

Gogen Turawa tsirkiyarsa huɗu, kuma babu wata alama a wuyansa da za ta gaya wa yatsa inda zai sauka. Ka kauce da faɗin gashi, sauti ya karkace. Yawancin malamai sukan ba yaro waƙa ne ya yi ta fama, in yana da baiwa ya haye, in ba shi da ita ya gaji ya bari. Shefcik ya ƙi yarda a bar komai ga baiwa. Sai ya zauna ya warware aikin hannu kamar yadda ake warware tufkar igiya, sili-sili. Me yatsan farko yake yi in na biyu ya matso ya jingina da shi? Me yake yi in sun rabu? Yaya hannu zai zame daga ƙasan wuya zuwa sama bai ɓace hanya ba? Kowace tambaya ya yi mata shafuka. A littafinsa na 'yan koyo, sai yaro ya saba da shimfiɗa yatsu iri ɗaya a kan duka tsirkiya huɗun kafin a canza masa wani tsari. A shekarun 1890 ya fitar da na hannun dama, hannun izga, mai ɗauke da darussa 4,000: ja da dukan izga, ja da rabinta, da tsininta, da gindinta, a hankali, da sauri, a manne, a tsallake. In ɗalibi ya cije a wani wuri mai wuya cikin waƙa, ba ya barinsa ya yi ta afka masa gaba ɗaya. Zai ciro sauti biyu daga ciki, a maimaita su, a ƙara na uku, a juya su baya, a rage gudu har sai yatsa ya daina tunani.

Ina tsaye da littafin a hannu sai makarantar allo ta faɗo mini a rai. Ba ina haɗa karatu mai tsarki da kiɗa ba ne, Allah ya kiyaye. Dabarar koyarwar nake nufi. Malam ba ya ɗora wa yaro tilawa ranar farko. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan haɗa baƙi, ɗan kaɗan a allo, a biya, a wanke, a sake. Shekara 31 na yi ina koyarwa a firamare, na san cewa wanda ya iya abu daban, wanda ya iya gutsura shi daidai bakin yaro daban, kuma na biyun ya fi wuyar samu. Shefcik babbaƙu da farfarun goge ya rubuta.

Na ce wa ɗana, wato ɗan ƙanwar tawa, ina so in ga garin da mutumin nan ya ƙare rayuwarsa. Muka hau bas zuwa Pisek, kimanin kilomita 100 kudu da Prag. Hanya ta ratsa gonakin alkama da tafkunan kiwon kifi da dazuzzuka masu duhu. Can nesa a kan tudu mukan hango tsofaffin gidajen sarauta na dutse masu hasumiya. A nan na fahimci abin da Bajamushen nan Gerhard Huebner yake kewa da ya zo ya gina irinsu a kan dutsen garinmu a shekarun 1980. Mu a Kajuru abin kallo ne guda ɗaya tilo, har daga Abuja ake zuwa ɗaukar hoto. A can kuwa kusan kowane tudu da nasa.

Pisek ƙaramin gari ne, mutanensa wajen 30,000, a bakin kogin Otava, kogin da ya bi ta garin da aka haifi Shefcik. Ma'anar sunan a harshensu yashi, saboda a da can ana wanke yashin kogin a tace zinariya, kamar yadda ake wankin kuza a Jos. Akwai gadar dutse da aka gina tun ƙarni na 13, ita ce mafi tsufa da ta rage a ƙasar, ta girmi shahararriyar gadar Prag da kowa ke rububin gani. Ambaliyar 2002 ta haye kanta, aka gyara, ga ta nan ana bi da ƙafa. Muka tsaya a gaban otel ɗin Dvořáček mai zane-zane a bango, inda makarantar Shefcik ta zauna.

Ga yadda aka yi wannan ƙaramin gari ya zama matattara. Shefcik ya koma Prag a 1892 yana koyarwa a makarantar da ta yaye shi. A shekarar aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 12, ɗan mai aikin lambu, sunansa Jan Kubelík. Bayan shekara shida yaron ya tsaya a birnin Biyana ya girgiza gari, a 1900 ya yi Landan, a 1901 ya yi Amurka. Duniya ta tambaya: wa ya koyar da shi? Daga nan ɗalibai suka yi ta kwarara. Cikinsu akwai Marie Hall, 'yar Ingila daga Newcastle, wadda tana ƙarama take kiɗa a bakin titi don a jefa mata kwabo. Ta zo Prag a 1901, ta koma gida ta zama tauraruwa. Da Shefcik ya bar makarantar Prag a 1906 ya tare a Pisek, sai suka biyo shi. Suka kama hayar ɗakuna a gidajen mutanen gari, kowa yana jan izga awa shida zuwa takwas a rana. Na tsaya a wani lungu mai daɓen dutse na yi ta ƙiyasta yadda zai kasance: kowace taga da nata sauti huɗun, daga safe har dare. Ko da ya karɓi shugabancin sashen goge a makarantar kiɗa ta Biyana daga 1909 zuwa 1918, bai saki Pisek ba. Da daular Ostiriya ta rushe aka kafa Cekoslobakiya a 1918, ya dawo gida. Ya je Amurka koyarwa a shekarun 1920, ya je Landan yana ɗan shekara 80. Ya rasu a Pisek ranar 18 ga Janairu 1934, aka binne shi a maƙabartar da ke cikin dajin gefen gari.

Ya tsara kiɗa ma, har da raye-rayen gargajiyar Cek da ya gyara wa gogen Turawa. Amma abin da ya fi burge ni salsalar ce. Bennewitz ya koyar da Shefcik. Shefcik ya koyar da Jaroslav Kocian. Kocian ya koyar da Josef Suk, wanda sai a 2011 ya rasu. Mutanen nan suna iya jero maka malaman hannunsu kamar yadda masu sarauta ke jero kakanni. A garin akwai makarantar koyon kiɗa da zane ta yara da aka sa wa sunan Shefcik. Irinta suna nan kusan kowane gari a ƙasar, hukuma ce ke ɗaukar yawancin nauyinsu, yaro ya taso daga boko ya wuce can da yamma. Muka zauna a benci muna kallon yara suna shiga, kowa da akwatin gogensa a goye kamar jariri. Ɗana ya ce suna da karin magana cewa kowane ɗan Cek makaɗi ne.

A kan bencin nan ne Baba mai goge ya dawo mini. Ban taɓa sanin sunansa na yanka ba. Ran kasuwa yakan zo ta hanyar Kasuwan Magani, gogensa a cikin jakar fata, yara biyu suna biye da ƙore. Rabin ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka soke da sanda, tsagiya ta hau kan ɗan jaki. Zai zauna ya goga ƙaro, ya ja sau biyu yana karkata kunne, ya ɗan matsa jakin, sannan ya rufe ido. Gogen nan magana yake yi. Mahauci zai wuce, sai ka ji tsirkiya ta kira kirarinsa, mutum ya tsaya cak ya sa hannu a aljihu, mata su rangaɗa guɗa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya hana mu matsawa kusa. Ya ce goge kayan 'yan bori ne da gidajen mata masu zaman kansu. Ban ce ya yi ƙarya ba, don a wuraren nan aka fi jin sa. Ni dai daga bayan wata bishiyar mangwaro nake leƙe, kuma har yau ban ji abin da ya taɓa mini zuciya kamar wannan tsirkiya guda ɗaya ba.

Baba bai taɓa cewa yaronsa “sa yatsanka nan” ba. Yaro zai yi shekaru yana ɗaukar jaka, yana kiɗa ƙwarya, yana satar sana'a da ido. In maigida ya fita sai ya ɗauki gogen a ɓoye ya gwada. Haka Baba ya koya, haka ya san ana koyo. Wannan hanya ta fitar da gwanaye, ba na musu. Ita ta ba mu Garba Liyo da gogensa, ta ba mu Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Ahmadu Doka da kukumarsu, waɗanda muka tashi muna ji a Rediyon Kaduna. Sai dai hanya ce mai buƙatar yaro ya ba da shekara goma ko fiye, kuma maigida ya yi tsawon rai. Baba ya rasu yaronsa bai kwashi rabi ba. Gogen ya yi shekaru a rataye a zaure har ƙwari suka cinye fatar.

Za a ce ai akwai kaset, akwai waƙoƙin a wayar kowa. Gaskiya ne, kuma alhamdu lillahi da hakan. Amma kaset tuwo ne da aka riga aka kwashe. Ba ya nuna maka yadda aka yi talge, balle yadda aka riƙe muciya. Masana sun yi ƙoƙari. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Jacqueline DjeDje ta rubuta littafi a 2008 kan goge a wajen Fulani da Hausawa da Dagwamba. Sun adana sunaye da tarihi, da Turanci, don masu bincike. Littafin da yaro zai buɗe ya san abin da zai yi da yatsunsa yau da la'asar, shi ne ban taɓa riƙewa da Hausa ba. A Nijar an ga bakin ramin da idanu. Malam Maman Barka, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi, ya tafi bakin tafkin Cadi a 2002 ya zauna wajen Bukar Tar, tsoho na ƙarshe da ya iya biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar. Da ya yi jinkiri kaɗan da shi ke nan. Shi ma Barka ya rasu a 2018.

Kuma rubuta sauti ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Maƙwabtanmu Adara, da 'yan kwaya na coci-coci daga Kufana har Kafanchan, suna da littattafan rubutu cike da do, re, mi, suna koya wa matasa murya huɗu da su, da Hausa suke rerawa. Na sha wucewa da yamma in ji malamin kwaya yana tsayar da su a layi ɗaya sau goma. Ilimin yana nan a unguwa ɗaya da mai goge, ba su dai taɓa zama a tabarma ɗaya ba.

Daren da za mu bar Prag na gaya wa uwar yarinyar nan duk wannan, ɗana yana fassara. Ta yi shiru, sannan ta ce kada in ɗauka littafin tsafi ne. Ta ce tana ƙarama ta tsane shi, ta sha kuka a kansa, kuma tun Shefcik yana da rai ake zarginsa da cewa injuna yake ƙerawa, masu yatsu kamar walƙiya da zuciya kamar dutse. Wasu yaran ma littafin ne ya kore su daga kiɗa. Ta ce, “Ba ya ba ka abin da za ka faɗa. Harshenka kawai yake sakewa.” Na yarda da ita, har na ƙara da nawa. Gogenmu ba a danne tsirkiyarsa a jikin sanda, taɓa ta ake yi da cikin yatsu tana shawagi, kuma daɗinsa yana cikin zamiya da lanƙwasar da ke bin hawa da saukar harshen Hausa. Layuka biyar na Turawa ba za su ɗauke wannan duka ba. Wanda ya kwafo Shefcik ya ɗora wa goge zai kashe shi. Abin ɗauka a wajensa shi ne zaman da ya yi: gwani ya sauko daga dandali, ya tambayi hannunsa me yake yi, ya rubuta amsar don yaron da ba zai taɓa gani ba. Yau ma muna da abin da shi bai samu ba, wayar da za ta ɗauki motsin yatsa a rage gudunsa a kalla sau ɗari.

Mako biyu da dawowata Kajuru na nemi yaron Baba. Ya tsufa shi ma, yana sayar da itace a bayan tasha. Muka gaisa, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, “Malam, shekara nawa rabona da shi. Mutane za su ce tsufa ya zo mini da gardama.”

Na ce, “Ba a kasuwa za ka yi ba, a zaurena. Ni da jikokina biyu kawai.”

Bai amsa ba. Ya sunkuya ya zaro wani kara daga cikin itacen, ya dafa shi a cinya, ya ɗaga hannun hagu. Yatsun nan huɗu masu kanta suka fara motsi a iska, ɗaya bayan ɗaya, yana wani ɗan gunji a maƙogwaro. Nan take na gane taken mahauta ne. Ya yi shi sau biyu, ya tsaya a wuri guda, ya koma baya ya gyara.

Ya ce, “Ƙwarya ba wuya. Fatar guza sai an sa mafarauta. Tsagiya kuwa sai wajen masu dokin Sarki.”

Na ce ni zan nemo. Muka sa ranar Alhamis ta sama. A hanyar gida na tsaya a shago na sayi littafin rubutu mai warƙa 60. Da daddare na ɗora hannuna na hagu a shafin farko na zagaye shi da biro, na sa wa yatsun lamba, 1 zuwa 4.